Webley Mk VI ko Luger P08: wacce za ka fara ajiyewa?

Malam, ka tambayi wacce tsohuwar bindigar hannu za ka fara saya ka adana don tarihi. Tsakanin biyun da ka ambata, ɗauki Webley ka huta.

Tawa ƙirar 1917 ce, a hannun wani dattijo da ya daɗe yana tara kayan Yaƙin Duniya na Ɗaya na same ta. Kafin mu yi maganar kuɗi sai da ya zaunar da ni ya nuna mini tambarin kibiyar nan da gwamnatin Birtaniya ke bugawa a kayan sojanta, da zoben gindinta inda ake ɗaura igiya, wanda ya suɗe saboda yawan gogayya. Ya danna makullinta, ta buɗe kamar an karya ta biyu, abin da ke tunkuɗo kwanson harsashi ya taso sumul kamar jiya aka ƙera ta. Libarba ce, wato bindigar hannu mai gangar harsashi da ke juyawa, mai cin harsashi shida, girman inci .455, sojan Birtaniya sun karɓe ta a 1915, kamfanin Webley & Scott na Birmingham ne ya yi ta da yawa lokacin yaƙin. Ba ta da kyan gani, nauyinta ya ɗan haura kilo guda, amma komai nata a fili yake. Sabon shiga ma zai iya karanta tambarinta da lambarta ya san me ya riƙe.

Luger kuwa na taɓa mallakar ɗaya, ban yi kewarta ba da ta bar hannuna. Ban hana ta tarihinta ba: Georg Luger ya tsara ta, Suwizalan ta fara ɗaukarta a 1900, sojan ƙasa na Jamus suka biyo a 1908, inda P08 ɗin ya samo asali ke nan. Matsalarta ita ce darajarta ta rataya a kan lambobi. Ƙananan sassanta da yawa suna ɗauke da lambobi biyun ƙarshe na lambar bindigar, in ɗaya ya saɓa farashi ya faɗi, kuma gano hakan aikin wanda ya goge ne.

Ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: dillalan banza sun yi yawa a harkar nan, kuma Luger ce gonarsu. Suna sake buga lamba don sassa su dace, su sake rina ƙarfen ya yi baƙi wul, wasu har da ƙara tambarin jabu na SS, rundunar nan ta 'yan Nazi. In ka ga gefen rubutun ya dushe alhali jikin yana sheƙi, an goge ta ne aka sake rini. Duk wanda ya zo maka da labarin wai kakansa ya ƙwato ta daga hannun wani hafsa, ce masa ya kawo takarda.

Ita ma Webley akwai tarkonta. Da yawa da aka shigar Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu an aske bayan gangar harsashinsu don su ɗauki harsashin Amurka mai suna .45 ACP. Wannan ya rage musu daraja, ga haɗari, domin ƙarfin harsashin ya fi abin da aka ƙera ta ta jure. Duba lambar da ke jikin gangar kusa da gefen baya, in an yanke ƙasanta, ka wuce kawai.

In ta zo hannunka, bayan ka kammala maganar lasisi bisa dokar inda kake, kada ka bari ta kwana cikin kuben fata, fata na riƙe danshi ta jawo tsatsa. Kada kuma zumuɗi ya sa ka kankare ta don ta yi haske, tsufan nan shi ake saya. Riƙe ta da safar hannu, ka shafa mata ɗan kakin Renaissance Wax, irin wanda gidajen tarihi ke amfani da shi, ka ajiye ta inda danshi bai wuce kashi 50 cikin 100 ba.