Sikelin CAT: abin da na gani bayan na auna motata da tirelar kwana sau huɗu

Jama'a assalamu alaikum. Masu akori-kura a nan Amurka da suke shirin sayen tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da ake ja zuwa hutu da iyali, ko kuma sun riga sun saya, ina so in ba ku labarin sikelin CAT da ake samu a tashoshin manyan motoci, domin a cikin duk kuɗin da na kashe kan harkar nan babu wanda na ji daɗin kashewa irin na awon nan, kuma bai kai dala 20 ba a hawan farko.

Motata cikin ajin da suke kira rabin tan take, wato sahun su F-150 da Silverado 1500 da Ram 1500 da Tundra. Sunan rabin tan ɗin tsohon suna ne kawai, motocin yanzu suna ɗaukar fiye da haka, amma ba kamar yadda talla ke sa mutum ya zata ba. Ranar da muka je sayen tirela, mai sayarwar ya leƙa motata ta taga ya ce ai wannan za ta ja laba 11,000 hankali kwance, tirelar kuma a takarda laba 5,900 ce, to me ya rage? Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, ga wanda ya saba da kilo. Na yi lissafi a raina na ga ina da rarar kusan rabi, na biya na ɗaura muka taho gida.

Tafiyar farko mai nisa a kan babbar hanyar I-80 ce, ni da uwargida da yara biyu. Wallahi ban manta ba. Bayan motar ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari sai na ji shi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba ba sa taka kwalta sosai, duk babbar motar da ta zo wucewa sai iskarta ta fara tura mu gefe sannan ta jawo mu wajenta, tirelar tana kaɗa wutsiya a madubi ina kallo, da magariba kuma masu tahowa sai haska mini fitila suke yi don tawa fitilar sama take kallo tana shiga idonsu. Uwargida ba ta ce komai ba sai salati a hankali. Da muka isa wani dattijo da ke kusa da mu a sansanin masu hutu ya dubi yadda motar ta durƙusa ya tambaye ni ko na taɓa hawa sikeli, na ce a'a, ya ce kafin ka koma gida ka hau.

Kamfanin CAT Scale tun 1977 yake, hedikwatarsa tana Walcott a jihar Iowa, kuma yana da sikeli sama da 2,000 a Amurka da Kanada. Alamarsu rawaya da baƙi ce mai kan kyanwa, daga nesa za ka hango ta a gefen wurin shan man dizal. Don direbobin manyan motoci aka yi shi, su auna lodinsu kafin su kai wurin jami'an awo a ci su tara, amma kowa na iya hawa, ba sa tambayar ka lasisin babbar mota. Sikelin dogon dandamali ne da aka raba gida uku. Tayoyin gaban motarka su tsaya a kashi na farko, tayoyin baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku, kowanne a ba ka nauyinsa daban sannan a haɗa jimla. Akwai maɓallin magana a jikin ƙarfe, an kafa shi sama daidai tagar babbar mota, to mai akori-kura sai ya miƙe sosai ko ya je da 'yar sanda. Ka danna, ma'aikacin ciki ya tambaye ka awon farko ne ko maimaici, ya nemi lambar mota, ka ce ta gida ce, minti ɗaya an gama, ka sauka ka yi fakin ka shiga ciki ka biya ka karɓi takardarka. Suna da manhaja a waya mai suna Weigh My Truck, da ita ba sai ka danna maɓalli ko ka shiga ciki ba, sakamakon yana zuwa wayarka kana zaune, ni yanzu ita nake amfani da ita. Maimaicin awo a sikeli ɗaya cikin awa 24 kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai a kan na farko, kuma wannan yana da muhimmanci don hawa ɗaya ba zai ishe ka ba.

Kafin ka je, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen, akwai sitika biyu. Ɗaya mai rawaya da fari ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar taka za ta ɗauka, ba irinta ba, ita kanta. Tawa laba 1,560 aka rubuta. Ɗayar tana da GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ke kanta, tawa 7,000, sannan GAWR na gaba da na baya, wato abin da kowane ɓangaren tayoyi zai iya ɗauka, na bayana 3,800. Waɗannan lambobin su za ka gwada da takardar sikeli. Lambar talla ta abin da mota za ta ja, da direba da fasinja ɗaya masu laba 150 kowanne ake lissafa ta a ƙa'idar gwajin da kamfanoni ke bi, babu yara babu kula babu janareto a bodi.

Hawa uku na yi a jere. Na farko da komai a ɗaure, har da sandunan raba nauyi, ƙarafan nan biyu da ke maƙale daga mahaɗar mota zuwa wuyan tirela suna mayar da wani nauyin gaba. Na biyu na sauka na kwance sandunan na sake hawa. Na uku na ajiye tirela a filin fakin na hau da mota ita kaɗai, kowa yana zaune a ciki, tanki cike da mai.

Mota ita kaɗai ta ba da 3,380 a gaba, 2,920 a baya, jimla 6,300. Tun a nan jikina ya yi sanyi, don kafin ma a ɗaura tirela mu da kayanmu mun cinye 860 daga cikin 1,560 ɗin nan, saura 700 kacal. Mu huɗu ne, ga janareto, ga itacen hura wuta, ga kula cike da ƙanƙara, ga akwatin kayan aiki, ga ita kanta mahaɗar mai nauyin gaske da mutane ke mantawa da ita a lissafi.

Da tirela ba sanduna, gaba ya sauka zuwa 3,020, baya ya haura 4,240, jimlar mota 7,260, tayoyin tirela 6,140. Ka cire 6,300 daga 7,260 ka samu 960, wannan shi ne nauyin da wuyan tirela ke ɗorawa a bayan motata. Takardar dila 640 ta ce. Ka tara 960 da 6,140 ka ga tirelar da aka ce mini 5,900 ce ashe 7,100 nake ja. Ba wai ƙarya aka rubuta ba, nauyin tirela ce fanko kamar yadda ta baro masana'anta, amma wa yake tafiya da ita fanko? Tukunyar gas biyu da batir duk a wuya suke zaune, tankin ruwa galan 40 na cika shi taf, kuma galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, wato sama da 330 ke nan ruwa kawai, sai tukwane da barguna da kekunan yara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 360 ɗin da ya bar tayoyin gaba. Su ne ke juya mota, su ne ke yin mafi yawan aikin birki, to ga dalilin da sitiyari ya yi mini sakayau a rubuce a takarda.

Da sanduna a ɗaure gaba ya dawo 3,220, baya 3,940, tirela 6,240. Sun taimaka, amma har yanzu motar 7,160 take, ta wuce iyakarta da 160, tayoyin baya sun wuce da 140. Obalodi ke nan, alhali ban ko kusanci 11,000 ɗin da aka yi mini alkawari ba. Injin ba shi da matsala, yana ja yana hawa tudu lafiya lau, wurin ɗauka ne motar rabin tan ke fara cika tun kafin ƙarfin ja ya ƙare. Sanduna kuma ba sa ƙara wa mota iyakar da aka rubuta mata, rarraba nauyin kawai suke yi. Haka balan-balan ɗin iska da wasu ke sawa a sifirin na baya, zai miƙar da motar a ido amma lambar sitika tana nan yadda take.

Tunanin farko da ya zo mini shi ne in kwashe kayan tirela in mayar can ƙarshen bayanta don wuyan ya yi sauƙi. Don Allah kada kowa ya yi haka. Ana son nauyin wuya ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela duka, idan ya faɗi ƙasa da 10 nan ne tirela ke fara lilo da gaske, irin lilon da ke ƙaruwa da kansa har ya kifar da mota da tirela tare. Nawa 960 cikin 7,100 kashi 13 da rabi ne, daidai yake, matsalar tana cikin bodin mota. Sai na bar itace, can ma ana sayarwa, janareto na daina ɗauka sai in wurin da za mu ba shi da wuta, kula da akwatin kayan aiki na sa su a ƙasan tirela daidai saman tayoyinta na ɗaure su, tankin ruwa kuma da yake nawa a gaba yake na daina cika shi sai mun kusa isa. Na ƙara gyara sandunan bisa abin da littafin motar ya ce, da awon tsayin gaban mota da tef kafin da bayan ɗaurawa.

Hawa na huɗu bayan mako biyu: gaba 3,240, baya 3,560, jimla 6,800. Rarar 200 ce kawai, ba yawa, amma ina cikin iyaka ta kowane ɓangare, kuma bambancin tuƙin kamar an canza mini mota ne. Babbar mota za ta wuce in ji ta ɗan taɓa mu sannan komai ya koma daidai.

Akwai abin da sikelin ba zai faɗa maka ba, gara ka sani. Nauyin ɓangare yake bayarwa, ba ya raba hagu da dama, to idan firji da kicin duk gefe ɗaya suke a tirelarka ba za ka ga hakan a takardar ba, sai wuraren da ke auna taya ɗai-ɗai. Lambobinsa kuma ashirin-ashirin suke tafiya, wanda ga aikinmu ya isa. Sannan ba ya duba maka iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ba ya duba ko ka gicciya sarƙoƙi biyun nan a ƙarƙashin wuya, ko igiyar birkin gaggawa tana maƙale a jikin mota ba a jikin sarƙa ba, ko ka saita ƙarfin birkin tirela a na'urar da ke kusa da sitiyari. Na'urar nan tana da ɗan hannu da ake matsawa ya kama birkin tirela ita kaɗai, idan lilo ya fara ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa shi a hankali, kada ka daki birkin mota da ƙarfi. Na sa uwargida ma ta koyi inda yake. Gudu kuma ni ba na wuce mil 60 zuwa 62 a awa, tayoyin tirela da yawa mil 65 aka ƙayyade musu, a Kalifoniya ma doka mil 55 ce ga duk mai jan tirela.

In za ka je ka zaɓi lokacin da tashar ba ta cika ba, tsakar rana a ranar aiki ya fi mini, domin direbobin nan neman abinci suke yi kuma awanninsu a ƙirge suke, bai kamata ka tsaya kan sikeli kana kwance sanduna ba, sauka ka yi a fili ka sake bin layi. Ni kam duk hawan da na yi ma'aikatan sun yi mini magana da mutunci, wata ma da ta ga ban gane takardar ba ta nuna mini layin da zan duba da biro. Ka je da iyalinka da kayanku yadda za ku yi tafiyar gaske, awon mota fanko ba zai amfane ka da komai ba. Wanda kuma bai sayi tirela ba tukuna ya fi kowa sa'a, ya hau da motarsa da iyalinsa kawai ya ga nawa ya rage masa, sannan ya ɗauki GVWR na tirelar da yake so ya fitar da kashi 13 cikin ɗari, in lambar ta fi abin da ya rage to ya nemi ƙarama. Takarduna huɗu suna cikin aljihun mota tare da inshora, kuma bazara mai zuwa zan sake hawa don yaran sun ƙara girma, babban ma yana maganar a taho masa da abokinsa.