Wasiƙa daga Zanzibar: abin da na saya a tudu da abin da na biya a ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum Yaya, tare da fatan kana lafiya, da su Hajiya da dukkan mutanen gida a Ƙofar Ƙaura. Ka nemi in rubuto maka bayanin hutun da na yi a Zanzibar, musamman yadda na samu kayansu da hidimarsu idan aka gwada da namu na Katsina, kuma tunda kai ɗan kasuwa ne na san ba labarin kyawun gaɓar teku kake jira ba. Shekarata ta huɗu ke nan ina aiki a Darussalam ta Tanzaniya, amma sai bana na haye zuwa babban tsibirin da suke kira Unguja, tafiyar kimanin awa biyu a jirgin ruwa mai gudu. Ko da yake Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun 1964 suka zama Tanzaniya, tana da gwamnatinta, shi ya sa ake duba fasfon baƙo a tasha tamkar ya shigo wata ƙasa. Tun watan Oktoba na 2024 kuma mai yawon buɗe ido da ya zo daga waje sai ya biya inshorar dole ta dala 44.

Kwana uku na farko a tsohon gari na yi su, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa ƙunci gare su kamar na cikin birni wajen Gobarau, sai dai gidajen na dutsen teku ne masu hawa biyu ko uku, da manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa aka ƙawata da ƙusoshin tagulla. Mutanen kusan dukkansu Musulmi ne, mafi yawansu Shafi'awa, kuma kunnen Bahaushe ba ya baƙunta sosai da harshensu, domin sabulu sabuni ne a wurinsu, asuba asubuhi, labari kuwa habari. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne lissafin lokaci: suna ƙidaya awa daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, kuma wanda bai tambaya ba sai ya makara da awa shida ko ya yi sammakon banza.

A kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, na tabbatar da cewa a kayan yaji sun fi mu, ba don dabara ba sai don a gonarsu ake tsinko su. Kanumfarin da muke saye a babbar kasuwar Katsina ya sha hanya har ƙamshinsa ya ragu, nasu kuwa idan ka matsa shi da farce sai mai ya fito, musamman na tsibirin Pemba inda aka fi nomansa. Haka kirfa da masoro da citta. Kifi ma ba a magana. Amma a nama sun bar mana fili: tsirensu da suke kira mishkaki, wanda ake gasawa da daddare a dandalin Forodhani, ƙananan yanka ne marasa ƙuli, ba ya kama ƙafar na mahautan gida, kilishi kuwa ba su san shi ba. A can na ɗanɗani wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira pweza, bayan na tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Ciniki sai an taya kamar a gida, kuma farashi biyu ne, na ɗan gari da na baƙo, sai dai baƙar fatata da ɗan Suwahilancin da na iya sun rage mini asara.

Inda na ga bambanci na gaske shi ne a sana'ar nutso, kuma a kanta nake so ka tsaya. Na tafi arewacin tsibirin, wajen Nungwi, inda har yanzu masassaƙa ke ƙera jiragen katako da hannu a bakin ruwa, na yi rajistar kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso tana ba da takardar shaida, wanda kuɗinsa ya tasar wa dala 500. Da farko na ga tsadar ta yi yawa, domin a ganina haya ce kawai ta tukunyar iska da tabarau da takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa. Kafin su karɓi kuɗina sai da suka ba ni takardar tambayoyin lafiya a kan asma da ciwon zuciya da matsalar kunne, sannan suka sa na yi iyo na mita 200 ba tsayawa, na kuma zauna a saman ruwa minti goma. Iyon da muka koya a kududdufi da damina, wanda Baba yake dukanmu a kansa, shi ya fitar da ni kunya ranar.

Malamin, wani matashi ɗan tsibirin, ya yi mana bayanin dalilin kowace doka. Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta har ma'auni ya nuna kusan 200, kuma dole a fara haramar fitowa kafin ya sauka ƙasa da 50. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na tudu sau biyu, shi ya sa kunne ke zafi sai an toshe hanci an hura a hankali, shi ya sa kuma aka haramta riƙe numfashi, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin da mutum ke tasowa har tana iya yi masa rauni. Akwai kuma sinadarin naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi, wanda idan aka taso da gaggawa yakan yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri, don haka ake tsayawa minti uku a zurfin mita biyar kafin a fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 18 ga wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya. Takardar shaidar da aka ba ni iyakarta mita 18. Hatta alamar hannu daban take: ɗaga babban yatsa ba yabo ba ne, nufinsa mu hau sama.

Kowace safiya wannan matashi sai ya duba kayan kowa ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina iskar, ya ja kowane maɗauri, sannan ya sa mu duba na juna, ko da jiya an duba. Wata rana ya ajiye tukunya guda saboda ɗan zoben roba da ya tsage, abin da bai kai girman zoben azurfa ba, muka jira aka kawo wata. Ranar na gane cewa amanar wannan bincike nake biya, ba hayar ƙarfe ba. Kai ka san yadda muke fama a gida da kalmar "a lallaɓa, zai kai," ko a gareji ko a tashar mota. A ƙarƙashin ruwa babu lallaɓawa, kuma da yake rai ne a hannunsu, sun mayar da tsantseni hajar da ake biya da dala.

A kusa da tsibirin Mnemba na ga abin da aka zo dominsa. Murjani, wanda mu a wuyan amare muka san danginsa, ashe halitta ce mai rai da ke gina duwatsu masu rassa, kifaye kala-kala suna kai-komo a cikinsu, kififiya kuma tana wucewa ba ta damu da kowa ba. Jan launi ne ke fara ɓacewa da an nitsa 'yan mitoci, sai komai ya koma shuɗi da kore. An hana taɓa komai. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, jiragen baƙi sun yi yawa a wurin, kuma na ga murjani da ya yi fari ya mutu, abin da ɗumamar ruwa ke jawowa.

Ba duk hidimarsu ce ta burge ni ba. Motocin haya da suke kira daladala cunkosonsu ya kai na motocin Jibiya ranar kasuwa, wutar lantarki kuma, da ake jawowa daga babban yankin ƙasar ta wayar ƙarƙashin teku, takan ɗauke. Manyan otal-otal na gaɓa yawancinsu jarin baƙi ne, yayin da matan ƙauyukan Paje da Jambiani ke duƙe cikin ruwa suna noman ciyawar teku don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma a wajen tarihi sun iya tarbar baƙo: a inda aka rufe kasuwar bayi a 1873 akwai tikiti da ɗan jagora da rubutaccen bayani, a masallacin Kizimkazi kuma suna nuna rubutun da aka sassaƙa tun 1107. Na riƙa tuna hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu da hawan Sallah, ina lissafin samari nawa za su ci abinci da su idan aka koya musu jagoranci da harsuna biyu ko uku.

Idan kana da niyyar zuwa, ka kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu. Na ba wani ɗan'uwa mai dawowa ta Kano ƙullin kanumfari da kirfa, da zannuwan kanga biyu na Hajiya, irin waɗanda ake rubuta magana a gefensu, na kuma sa an fassara mini rubutun kafin in biya, domin wasunsu habaici ne. Ka ware kanumfarin gida biyu, ka gwada rabi a shago ka ji abin da masu saye za su ce.