Wasiƙa daga Landan: idan kwalba ta fashe a hanya

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya.

Na ji saƙonki kan matar nan ta Ingila da ta sayi humra a wajenki, kwalba biyu suka fashe a hanya, yanzu take neman kuɗinta. Kin ce kaya sun bar hannunki lafiya, kuma ban musa ba. Amma Yaya, don Allah ki mayar mata. Ba rainin wayo ta yi miki ba, abin da ta saba da shi ke nan.

A nan akwai dokar masu saye ta 2015. Abin da ta tanada shi ne, kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye. In sun iso a lalace, mutum yana da kwana 30 ya ce ba ya so, a ba shi kuɗinsa cif. Abin da aka saya ta intanet kuwa, ko lafiyarsa ƙalau, wata doka daban ta ba da kwana 14 na fasa ciniki, sai 'yan kayan da aka ware. Wanda ya biya da katin bashi ma, in kuɗin abin ya haura fam 100, yana iya bin bankinsa.

Ni kaina na gani. Kafin azumi na sayi kofunan shayi guda shida. Tun da na ɗaga kwalin na ji ƙacau-ƙacau a ciki, na buɗe, biyu sun tarwatse, na uku ya tsage daga baki har gindi. Hoto kawai na ɗauka na tura. Ba wanda ya ce in rantse, ba wanda ya tura ni wajen direba. Sati bai cika ba kuɗina suka dawo. Masu sayarwar ne za su je su ƙarata da kamfanin da ya ɗauko kayan.

Ba wai komai na nan ya fi na gida ba. Humrar da ake sayarwa a shagunan nan ba ta kama ƙafar taki, kuma ɗinkin da tela zai yi miki a Kano cikin kwana uku, a nan sai kin yi wata kina jira, ga tsada. Shi ya sa matan nan suke nemanku. Amma ranar da ɗaya ta ce an cinye mata kuɗi, kafin magariba duk ƙawayenta sun ji, kuma su ne masu sayen naki.

Abin da nake so ki riƙa yi: ki liƙe murfin kowace kwalba da salatif, ki ɗaure ta a ledarta ita kaɗai, ki naɗe da soso, kada ki haɗa ta kwali ɗaya da leshi ko atamfa, domin man humra in ya zuba a yadi ba ya fita. Ki ɗauki bidiyo kina shiryawa. Ki tambayi masu kago, wato masu jigilar kaya, tun kafin ki biya, in abu ya fashe nawa za su ɗauka, kuma su rubuta miki a rasit. Sannan ki ɗan ɗora wani abu a farashin kayan waje, ki ajiye shi gefe saboda irin wannan rana.

Ita wannan matar, ki tambaye ta ko kuɗi take so ko a sake aiko mata. In kuɗi ne, turo mini lambarta in biya ta da fam daga nan, ma daidaita in na zo da babbar sallah. Ki gaida Hajiya da kyau.