Hattara da mai tallar "sabon babur a kwali" a Kumasi, ya ci min sidi 10,800

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, musamman mutanenmu na Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da Tafo. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan ƙananan babura masu inji 110 a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana cewa sabbi ne dal a kwali, na wani kamfanin Chaina da bai riga ya yi suna a Ghana ba, wai shi ya sa kuɗinsu bai kai na Haojue ko Apsonic ba. Ɗan damfara ne. Sidi 10,800 ya ci min. Sidi 9,500 kuɗin babur, 1,300 kuɗin takardu da lamba. Da na je gaya wa Hajiyarmu sai da na juya mata shi a tsohon lissafi na kafin 2007, na ce miliyan 108 ne, sannan ta gane girman abin. Salati kawai ta yi ta yi.

Kuɗin nan ba a hanya na tsince su ba. Burodi nake rabawa shaguna tun kafin kiran assalatu, adashina na ɗauka, matata ta ƙara min daga cinikin kokonta. Sidi 10,800.

Kuma kafin wani ya buɗe baki ya ce ai son arha ne ya ja min, ya tsaya ya ji tukuna. Ba yau na fara hawa babur ba. Ƙananan baburan Chaina ɗin nan yawancinsu injinsu kwance ne, kwaikwayon na Honda Cub, saboda haka ko sunan da ke jiki baƙo ne, fistin, ringi, kabureta, filogi da kayan wuta duk za ka sami wanda zai shiga a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi. Inda baƙon kamfani ke ba mutum wahala shi ne robobin jiki, fitila da mita, idan sun fashe sai ka sha yawo, wani lokaci har aike Abossey Okai, kasuwar kayan gyara a Accra. Duk na san wannan, na auna, na ga zan iya. Sayen baƙon kamfani ba wauta ba ne ga wanda ya san inji.

Ya kai ni wani shagon kwantena a bakin titi, babura biyu a haɗe a waje, sauran a kwalaye a ciki. Na durƙusa da kaina na duba lambar firam a wuyan babur, na ƙirga haruffa da lambobi, 17 cif, bugun inji a jere. Na duba lambar inji a ƙasa ta gefen hagu kusa da abin taka giya. Na zare ma'aunin mai, mai fes. Na zura yatsa a bakin salansa, ko toka babu. Gashin taya bai taɓa ƙasa ba. Na ɗauki hoton lambobin biyu a wayata. Ku gaya min don Allah, me ya rage wanda mai hankali zai duba?

Na ciro waya zan tura masa kuɗin gaba ɗaya, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ce, "A'a Alhaji, kada ka biya duka. Turo 6,000 kafin alƙalami, sauran sai babur ya iso ƙofar gidanka ka gani da idonka. Ni ma ɗan zango ne, ba na cin haram." Wallahi har yanzu ina jin nauyin hannun nan a kan nawa. Mutumin da kake miƙa wa 9,500 ya ce a'a, ba ni 6,000. Wa zai zargi wannan? Daga nan ne ya ce, "Wannan da ka duba na nuni ne, hannu ya taɓa shi da yawa. Kai babba ne, na kwali zan sa yara su haɗa maka." Na ce to, Allah ya saka da alheri. Ni da bakina na sa masa albarka.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin mu je shagon ya nuna min Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ya riƙe a hannunsa, na ga hoto na ga fuska. Da na zo tura MoMo, wato kuɗi ta waya, sunan mace ya fito, ya yi dariya ya ce na uwargida ne, ita ke riƙe da asusun. Mu nawa ne a zangon nan kasuwancinmu ke tafiya da layin matanmu? Ni kaina wani lokaci haka nake yi.

Bayan isha'i aka kawo babur a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ga shi an ɗauke wuta a layinmu. Yara biyu suka sauke, suna ta sauri wai akwai wani da za su kai Tafo. Leda a kan sirdi, leda a kan madubi, mita a kan sifili, kala ɗaya, tambari ɗaya. Ina haskawa da fitilar waya sai ga kiransa: "Alhaji ya iso? Ka gan shi? Masha Allah." Na tura 3,500. Shi kuma 1,300 ɗin, a'a, wannan washegari ne da safe, ya ce yana kan hanyar DVLA, hukumar da ke ba ababen hawa lamba, in hanzarta kada layi ya yi tsawo. Na tura. 6,000, sai 3,500, sai 1,300. Har da katin sabis ya ba yaran su kawo min, an buga hatimi, wai garanti wata shida da sabis kyauta.

Na riƙe babur ɗin yadda ake riƙe sabo. Ba na murɗa masa wuta, ba na ɗora masa kaya mai nauyi, da safe sai ya yi ɗumi nake tashi, kuma a cikin unguwa kawai nake ɗan zagayawa tunda lamba ba ta fito ba. Niyyata idan ya kai kilomita 500 in juye mai na farko. Bai je ko kusa ba ya fara hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kan injin yana ƙaf-ƙaf-ƙaf, mai yana tsatsafowa ta ƙasa. Na kira shi, ya ce sabon inji ne, zai zauna. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Na tura babur ɗin Suame wajen fita, wato makaniken da ke duba min tun da daɗewa, Masta muke ce masa. Masta ya kwance notin ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin kamar ruwan kwata, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Man irin wannan injin bai kai lita ɗaya ba, to wanda ya fito ko rabin gwangwani bai cika ba. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wa ya ce maka sabo ne?" Ya nuna min kawunan notuna duk sifana ta cinye su, jan gam a madadin gaskit, fenti an fesa shi a kan tsohon datti. Bawul da ya kamata a saita shi wajen milimita 0.05 idan inji ya huce, nasa farce na shiga. Da ya buɗe kai, ya goge saman fistin da tsumma, sai ga 0.50 a rubuce. Wato an riga an yi wa injin boring, an sa fistin mai girma. Injin da ya fito daga kwali ba ya zuwa da wannan. Mitar kaɗai ce sabuwa, ita da robobin jiki.

Sai wuyan babur. Masta ya sa tina ya goge fentin, ga sawun giranda ƙarara, an kankare lambar asali an buga wata da hannu, wani harafi ya yi sama wani ya karkace. Na buɗe hoton da na ɗauka a shago, ko kusa ba su yi kama ba. Takardar kwastam da ya turo min ta WhatsApp kuwa lambar wancan na nunin ce a jiki. Babur ɗaya mai kyau yake nuna wa kowa, takarda ɗaya yake tura wa kowa.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. DVLA ba ta ba da lamba sai ta ga takardar kwastam ta kuma gwada lambar firam da abin da ke rubuce. Wannan babur ba zai taɓa samun lamba ba. Kuma firam da aka kankare, watakila na wani bawan Allah ne aka sace, da an tare ni a hanya ni za a kira ɓarawo, ni da na biya 10,800. Masta ya ce, "Alhaji, kada ka ƙara hawansa, kai shi ofishin 'yan sanda da ƙafarka." Haka na yi, na ba da bayani, na miƙa rasit ɗin MoMo da hotuna. Shi ya sa ma ban kama sunan da ya ba ni ba a nan, maganar tana hannun hukuma. Sunan kamfanin da ke jikin babur ɗin ma ba zan kira ba, ba su suka cuce ni ba, tambarinsu kawai aka manna.

Na koma shagon, wannan kafin in je Suame ne ma, lokacin da wayarsa ta fara shiga a kashe. Kwaɗo a ƙofa. Mai kwantenar ya ce haya ya ba shi ta ɗan lokaci don ajiye kaya, ya kwashe da dare. Adireshin da ke kan katin sabis na bi shi, wurin wankin mota na tarar. Shafinsa na Facebook ya sauya suna, hotunan dai su ne. Ya yi layar zana.

Ga kunya. Washegarin ranar da aka kawo shi maƙwabta sun fito da asuba suna Allah ya sanya alheri, na raba goro a ƙofar masallaci. Yanzu kowa ya gan ni da kwandon burodi a babur ɗin aro sai ya tambaya ina sabon. Matata ba ta ce min komai ba, kuma kuɗin kokonta na ciki. Ina kwance sai in ji muryarsa, "kada ka biya duka Alhaji, ba na cin haram." Ya san abin da yake yi lokacin da ya riƙe hannuna. Ya bar 3,500 na wuni ɗaya don ya samu 10,800. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi, kuma ko sidi ɗaya ban yafe ba.

Ku dai, wanda kuka duba shi za ku tura gida, a gabanku, da rana. Ku je da fitanku. Lambar firam ta yi daidai da takardar kwastam ta asali, kuma lamba ku je DVLA da kanku.

Hotunan lambobin biyu, na fistin ɗin, katin sabis, rasit uku na MoMo da saƙonnin muryarsa duk suna wayata, zan sa su nan da zarar jami'in da ke riƙe da maganar ya ce in sa. Wani ɗan'uwa daga Tafo ya riga ya neme ni, shi ma bayan isha'i aka kai masa nasa a aboboya. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya turo min saƙo mu haɗu mu je ofishin 'yan sanda tare, ya zo da rasit ɗinsa.