Guringuntsin kunne da na gwiwa

Lanƙwasa kunnenka ka saki, nan take zai koma yadda yake, saboda zaruruwan elastin masu talewa da ke cikin guringuntsinsa. Na gwiwa ba ya lanƙwasuwa haka. Shi santsi gare shi, kaurinsa milimita 2 zuwa 4, ya lulluɓe bakin ƙashi yana ɗaukar nauyin jiki.

Dukansu ba su da jijiyoyin jini. Na kunne yana samun abinci daga wata siririyar fata da ta rufe shi, shi ya sa idan jini ya taru tsakaninsu bayan duka ya hana abincin isa gare shi, kunnen ɗan dambe kan murɗe. Na gwiwa kuwa ruwan gaɓa yake tsotsa idan ana motsi. Shi ya fi ba ni tausayi, domin in ya goge da wuya ya dawo.