Foni ko silinda biyu: amsa ga mai son nutso shi kaɗai a Goronyo

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ka koyi nutso da tukunyar iska lokacin da kake karatu a Masar, ka shiga Bahar Maliya wajen sau arba'in, yanzu ka dawo Sakkwato ba ka da abokin shiga ruwa. Kana son ka riƙa nutso a madatsar Goronyo kai kaɗai, har ka taimaka ranar da jirgi ya kife. Abin da kake son sani: kwas ɗin SDI ko na PADI, wato ƙungiyoyin da ke koyar da nutso suna ba da shaida, sannan ƙaramar silindar iska ta ko-ta-kwana da ake kira foni ko manyan silinda biyu na ratayen gefe.

Maganar kwas ba ta da tsawo. SDI ce ta fara ba da shaidar nutson mutum ɗaya a 1999, kuma tana neman shekara 21 da nutso 100 a rubuce. PADI tana karɓar ɗan shekara 18, ita ma da nutso 100 da shaidar matakin da ke bin na farko. Katin SDI ya faɗi ƙarara cewa kana iya shiga kai kaɗai. PADI ta fi karkata ga koya maka dogaro da kai, ko kana da aboki ko babu. Darussan kusan ɗaya ne, don haka malamin za ka duba, ka nemi wanda ya saba da ruwa mai duhu. Amma da arba'in ɗinka babu wadda za ta karɓe ka yanzu, kuma ina ganin sun yi daidai.

Kafin mu kwatanta silinda, cire abu ɗaya daga ranka. Wannan rawayar tiyo ta biyu da ke jikin regiletarka, wato na'urar da ke rage matsin iskar silinda ta kai maka ita baki, ba iskar ajiya ba ce. Famfo biyu ne a tanki ɗaya: in tankin ya ƙare ko kan regileta ya lalace, duka biyun sun tashi aiki. An yi ta ne don ka ba aboki iska. Mai shiga shi kaɗai yana buƙatar wata silinda daban, mai regiletarta da ma'auninta.

Foni ita ce hanya mai sauƙi. Kana riƙe kayanka na yanzu, ka ƙara ƙaramar silinda. Girmanta ne abin lura, ga lissafin. Mai lita 3 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da iska lita 600. Mutumin da ya firgita yana iya shaƙar lita 30 a minti a saman ruwa. A zurfin mita 20 matsi ya ninka uku, ke nan lita 90 a minti. Ka ba kanka minti ɗaya na natsuwa a ƙasa, ka hau a hankali mita 9 a minti, ka tsaya minti uku a mita 5: ka ci wajen lita 360. Daga mita 30 kuwa lissafin ya haura 500, ba abin da ya rage in wani abu ya riƙe ka. 'Yar mitsitsiyar nan Spare Air da ake gani a intanet, wadda ke ɗaukar wajen lita 85, ba za ta kai ka minti ɗaya a mita 20 ba. Kada ka kashe kuɗinka a kanta.

Foni tana da nata tarkon. Akwai waɗanda suka sa abin bakinta a madadin na babbar silinda tun daga sama, ta ƙare musu a ƙasa alhali ma'aunin babbar na nuna cike. Shi ya sa na fi son a rataye ta a gefen gaba, inda ido ke ganin ma'auninta, hannu ke kai wa makunninta, a kan a ɗaure ta a baya. Kuma iskarta ba ta shiga lissafin tafiya. Da zarar ka sa ta a baki, sai sama.

Ratayen gefe ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Silinda biyu masu lita 11, kowace a ƙarƙashin hammata, kowace da regiletarta: iska lita 4,400 ke nan. In ɗaya ta fara yoyo, kana gani, ka rufe ta, ka koma ɗayar. Sai dai dole ka riƙa sauya abin baki a kai a kai don kada ɗaya ta yi ƙasa sosai ta bar ɗaya, ka kuma bi ƙa'idar kashi uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Yana buƙatar kwas nasa, da wata rigar rataya silinda daban, da kuɗi mai yawa, ga wahalar ɗora su a cikin kwalekwalen katako. Ga mai shiga kogo ko zurfi mai nisa, shi ne zaɓi. A gare ka, ina ganin foni mai kusan lita 6 ta wadatar, muddin ba ka wuce mita 20 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ka zaɓa. A Bahar Maliya kana hango mita ashirin gabanka. A ruwan Rima, musamman da damina, tafin hannunka ma ba lallai ka gani ba. A ƙasa akwai itatuwan da ruwa ya shanye, da tsofaffin raga, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. A nan abin da ke kashe mutum shi ne sarƙewa, iska kuwa lokaci kawai take ƙara maka ka kwance kanka. Don haka abin yanka biyu, almakashi mai ƙarfi da ƙaramar wuƙa, a wurare biyu da kowane hannu zai kai. Sai gilashin fuska na ajiya, tocila, kamfas, agogon zurfi na biyu bayan kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu, da balan-balan mai nuna wa na sama inda kake, da zarenta. Kusa da ƙofofin madatsa kuwa kada ka je ko da wane irin kaya, domin jan ruwan da ke wurin yana manne mutum ya kasa motsi.

Neman waɗanda jirgi ya kife da su, Allah ya saka maka da niyyar, amma wannan wani horo ne daban, kuma masu yin sa ba sa shiga su kaɗai. Ana ɗaura wa mai nutso igiya, mutum ɗaya a sama yana riƙe da ita suna magana da fizga, wani kuma na zaune da kayansa a jiki don ko-ta-kwana. Je ka gaida Sarkin Ruwa, ka zauna da Sarkawan wurin, sun san inda ramuka da raga suke. Ka kuma nemi izinin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ita ke kula da madatsar.

Saura cika silinda. Kada ka yarda da injin mai faci ko na fenti: ba su kai matsin ba, kuma iskarsu na iya zuwa da mai da hayaƙi mai guba, wanda a zurfi yake sumar da mutum ba gargaɗi. Injin iskar shaƙa kake buƙata, mai matatarsa, a ajiye shi nesa da hayaƙin janareta. Ka fara gano inda za ka samu wannan kafin ka biya kuɗin kowace silinda.