Wiktionary da kalmar "da": sharhi kan ƙamus na kyauta

Wiktionary, ƙamus ɗin intanet da aka buɗe a shekarar 2002 wanda gidauniyar Wikimedia ke kula da shi, yana tattara kalmomin da rubutunsu ya zo ɗaya a shafi guda, ko da harsunansu ba su da dangantaka. Shafin "da" na sashen Ingilishi ya isa misali. A Jamusanci kalmar tana nufin "can", a Romaniyanci kuma ma'anarta "i" ce, wato amsar amincewa, aro daga harsunan Slav (dangin harsunan da Rashanci ke ciki), yayin da ta Italiyanci, mai ma'anar "daga", ta samo asali daga haɗuwar kalmomin Latin "de" da "ab". A harshen Welsh na yankin Wales da ke Birtaniya kuwa ma'anarta "mai kyau". Bayanin asalin nan shi ne abin yabo, domin yana hana mai karatu ɗaukar kamannin furuci a matsayin shaidar zumunci tsakanin harsuna.

Sai dai shafin ya yi tsawo ainun, musamman a waya, kuma "da" ta Rashanci tana wani shafin dabam saboda bambancin haruffa. Tun da 'yan sa kai ne ke rubuta shi, zurfin bayani ya danganta da yawan masu hidimar kowane harshe, don haka ya kamata mai bincike ya gwada shi da bugaggen ƙamus.